Hawa jirgin sama da naƙasa: tambayoyin da aka fi yi min da abin da doka ta ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni haifaffen Tudun Wada ne a nan Kaduna, shan inna ta taɓa min ƙafafu tun ina ɗan yaro don haka a keke nake rayuwata, kuma Allah cikin ikonsa ya haɗa ni da sana'ar da take sa ni hawa jirgi lokaci zuwa lokaci. Tunda mutane suka gane haka, duk wanda zai kai tsohuwarsa Umara ko zai raka ɗan uwansa asibiti Masar ko Indiya sai ya nemo ni, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ce bari in tattara su wuri guda. Abin da ya fi ci min rai shi ne yawancinmu muna shiga filin jirgi kaman masu roƙo, ana tura mu muna ta ba da haƙuri, alhali abin da ake mana ɗin doka ce ta wajabta shi, kuma kuɗin tikitinmu daidai yake da na kowa ko sisi ba a rage mana ba.

Wai da gaske akwai doka a Najeriya kan wannan, ko tausayi ne kawai kamfanoni suke yi?

Akwai doka, kuma ba ƙarama ba. Ita ce dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya ta 2018, wadda marigayi shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019 bayan shekara da shekaru ƙungiyoyinmu suna fama. Sashe na 1 ya ce duk mutumin da ya nuna maka wariya saboda naƙasarka, in kotu ta kama shi da laifi, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kuma kamfani ne tarar naira miliyan 1, sannan wannan bai hana ka kai ƙararsa don neman diyya ta kanka ba.

Amma wanda nake so kowa ya haddace shi ne sashe na 14, don shi ne ya kira kamfanonin jirgi kai tsaye. Ya ce duk kamfanin da yake aiki a Najeriya dole ya tabbatar mai naƙasa zai iya shiga jirginsa, ya tanadi keken guragu mai kyau mai aiki na kai mutum bakin jirgi da dawo da shi, ya taimaka masa ya hau ya sauka cikin aminci ba tare da wahalarwa ba, kuma a fara da shi wajen shiga da fita. Ka lura da kalmar nan, keke mai kyau mai aiki. Wato wannan tsohon keken da ake jawo maka wanda babu wurin ɗora ƙafa kuma taya ɗaya tana karkata, shi kansa saɓa wa doka ne. Dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024, don haka maganar "ana nan ana shiri" ta ƙare.

To dokar jihar Kaduna fa, tana aiki a filin jirgi?

Jiharmu tana da tata dokar masu naƙasa ta 2021 da hukumar da take kula da ita, kuma tana da amfani a makarantu da asibitoci da ma'aikatun jiha. Sai dai harkar jiragen sama a tsarin mulki ta gwamnatin tarayya ce zalla, filin jirgin Kaduna da ke bayan Mando hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya, wato FAAN, ce take gudanar da shi, kamfanonin kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ce take sa musu ido. Don haka in abu ya faru a can, dokar tarayya za ka riƙe.

Kamfani zai iya cewa ba zai ɗauke ni ba?

Saboda naƙasa kawai, a'a. Ko don kamanninka, ko don suna ganin za ka ɓata musu lokaci, ko wai sauran fasinjoji za su takura, duk wannan wariya ce. Ƙofa ɗaya da ake bar musu a ko'ina a duniya ita ce ta tsaron lafiyar tafiya, misali jirgin ƙarami ne ƙofarsa ba za ta ɗauki kekenka ba, ko rashin lafiya ce mai tsanani da ake tsoron ta tashi a sama. Kuma ko a nan ɗin ma kar ka yarda da maganar baki, ka ce a rubuta maka dalilin a takarda da sunan wanda ya yanke hukuncin. Na sha ganin yadda magana take canjawa da zarar an ce "rubuta min", don wanda yake tsaye a kanta ya san abin da ya faɗa ba ya cikin ƙa'idar kamfaninsu.

Wani abin kuma, idan sun sayar da tikiti fiye da kujerun jirgi har sai an bar wasu a ƙasa, ƙa'idojin kare fasinja na NCAA sun sa mai naƙasa da wanda yake rakiyarsa a sahun waɗanda za a fara ɗauka.

Me zan faɗa lokacin sayen tikiti?

Nan ne yawancin matsala take farawa wallahi. Mutum ya je wajen ejan ya ce "a sa wa Hajiya keke", ejan ya danna abin da ya fara gani, ranar tafiya a tarar abin da aka shirya daban abin da ake buƙata daban. Kamfanonin jirgi na duniya suna da wasu haruffa da suke amfani da su, kuma guda uku ne na keke. WCHR na wanda yake iya hawa matakala ya taka zuwa kujerarsa amma doguwar tafiya ce take gagararsa, kaman yawancin tsofaffinmu. WCHS na wanda ba ya iya matakala amma in an kai shi ƙofar jirgi zai iya lallaɓawa zuwa kujera. WCHC kuma na irina ne, wanda sai an kai shi har kan kujerar. Makaho BLND ne, kurma DEAF, mai lalurar ƙwaƙwalwa ko galahanga da yake buƙatar kulawa DPNA.

Ka sa ejan ya nuna maka haruffan a jikin takardar tikitin da idonka, kuma ka sanar aƙalla awa 48 kafin tashi, in da hali ta imel don ya zama kana da shaida. Mu 'yan Kaduna da yake sau da yawa sai mun bi jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ko mun hau mota zuwa Kano kafin mu samu jirgin da muke so, kar ka bari sai kana hanya sannan ka fara kiran kamfani.

Ana biyan kuɗin keke ko na wanda ya tura ni?

Dokar ta ɗora shi ne a matsayin wajibi a kan kamfani da filin jirgi, ba haja ba ce da za a sayar maka. In ka ga dama ka yi wa yaron da ya tura ka alheri don ka ji daɗin aikinsa wannan tsakaninka da Allah ne, ni ma ina yi. Amma wanda ya tsaya da kai a tsakiyar hanya yana cewa sai an ba shi na ruwa, ka duba sunan da ke katin wuyansa ka riƙe. In kuma a kanta aka ce ka biya, ka ce a ba ka rasit.

Yaya ake hawa da mutum in da matakala ake shiga jirgin?

Wannan ita ce tambayar da mutane suke jin nauyin yi, kuma ita ce ta fi zafi. Yadda ya kamata shi ne ko dai a shiga ta doguwar gadar nan da ake jonawa da ƙofar jirgi, ko a kawo motar da take ɗaga mutum da kekensa sama har ƙofa, sannan a ƙofar a mayar da kai kan wani siririn keke mai bel wanda yake iya bi tsakanin kujeru. In babu motar, to a ɗaure ka a siririn keken nan mutum biyu da suka san aikin su hau da kai a kansa.

Ni an taɓa hawa da ni ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da yamma ne, an riga an kwashe kowa an kai jirgi aka bar ni a ƙasan matakala, sai ga samari biyu masu lodin kaya, ɗaya ya cusa hannu ta hammatata ɗaya ya kama ƙafafuna, rigata ta tattare har ƙirji, hulata ta faɗi tana gangarawa a kan kwalta babu wanda ya tsaya ɗauka, ina jin numfashin na bayana a wuyana yana haki yana ce wa ɗan uwansa ya riƙe da kyau zai suɓuce. Da muka shiga kowa ya zauna, ido kusan ɗari a kaina. Ba na jin haushin yaran nan har yau, ba a koya musu ba kuma ba a ba su kayan aiki ba. Amma a ranar ban san sashe na 14 ba, da na sani da tun a ɗakin jira zan ce ni za a fara shigarwa kuma a kawo keken cikin jirgi, don amfanin fara shigar da kai kenan, a gama ɗawainiyarka babu idon jama'a. Kuma ina tuna iyayenmu mata, dattijuwa mai shekara saba'in da ko hannu ba ta taɓa ba namijin da ba muharraminta ba, a ce haka za a sungume ta. Sashe na 34 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin a kiyaye mutuncinsa. Hajiya, kina da damar cewa a tsaya, a kawo keken, a nemo mata ma'aikata ko a bar ɗanki ya kama.

Kekena na kaina fa, ina za a sa shi?

Ka nemi a bar ka a kansa har bakin jirgi, a manna masa takardar kaya, sannan in an sauka a kawo maka shi bakin ƙofa. Kafin ka rabu da shi ka ɗauke shi hoto ta kowane ɓangare da wayarka, ka cire matashin zama da wurin ɗora ƙafa da duk abin da yake cirewa ka shiga da su ciki.

In mai batir ne sai ka ƙara shiri. Za su tambayi irin batirin da nauyin keken da tsawonsa. Batirin litiyam da ake cirewa ƙa'idar duniya ita ce ƙarfinsa kar ya wuce 300Wh (Wh shi ne ma'aunin wutar da batir yake ɗauka), kuma a cikin jirgi za ka riƙe shi an rufe bakinsa, na ajiya kuma guda ɗaya da bai wuce 300Wh ba ko guda biyu da kowanne bai wuce 160Wh ba. Lambar tana rubuce a jikin batirin, ka ɗauke ta hoto ka tura musu tun kana gida.

Sun lalata min keke, me zan yi?

Kar ka fita daga filin jirgin. Na maimaita, kar ka fita. Ka tafi kantar kaya ta kamfanin a cike maka fom ɗin rahoton lalacewar kaya a ba ka kwafi mai lamba, ka ɗauki hoto a wurin, ka nemi su ba ka wani keken na aro. Ni na yi wannan kuskuren sau ɗaya, na ga taya ta lanƙwashe amma gajiya ta sa na ce sai gobe, da na dawo aka ce ina shaidar cewa a hannunsu ya lalace, ƙarshenta a Panteka wani mai walda ya miƙe min ita da kuɗina kuma har yau keken yana ja gefe ɗaya.

A tafiyar ƙasa da ƙasa yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce take aiki, Najeriya tana cikinta. Kwana 7 kake da shi ka shigar da koke a rubuce in kaya sun lalace, kwana 21 in jinkirin isowa suka yi, shekara 2 kuma na zuwa kotu. Matsalar ita ce yarjejeniyar tana kallon keke kaman akwati ne, kuma ta sa iyakar diyya wadda daga ƙarshen Disambar 2024 take kusan dala 2,000, alhali keke mai batir na kirki ya ninka haka. Wannan a ganina zalunci ne da ya kamata a gyara, don wanda aka karya wa keke an zaunar da shi ne a ɗaki har sai an gyara. Kafin nan dai, in kekenka mai tsada ne ka tambayi kamfanin yadda ake bayyana darajar kaya ta musamman tun wajen awo, wannan yana ɗaga iyakar.

Ni makaho ne, ƙanwata kuma kurma ce, mu me doka ta tanadar mana?

Sashe na 15 naku ne. Bayanin tsaro da ake yi kafin tashi dole a isar da shi ta hanyar da mai naƙasar da ke wurin zai fahimta. Malam, kai ma'aikaciyar jirgi za ta zo ta yi maka bayani kai kaɗai, ka taɓa bel da rigar ruwa da abin numfashi da hannunka, ta faɗa maka layin kujeru nawa ne tsakaninka da ƙofar fita. Ita kuma ƙanwarka a rubuce ko da nuni. Inda kurame suka fi cutuwa ɗakin jira ne, a canja ƙofa ko a ɗaga lokaci a faɗa ta lasifika kawai, mutum yana zaune jirginsa ya tashi. Ta gaya wa ma'aikacin ƙofa tun da wuri cewa ba ta ji, ta zauna inda zai gan ta. Dokar ta kuma ce a layi a fara sallamar mai naƙasa, don haka ba rashin kunya ba ne ku wuce gaba.

Dole sai da ɗan rakiya ko takardar likita?

Naƙasa daban ciwo daban. Wanda shan inna ta taɓa shekara talatin da suka wuce lafiyarsa ƙalau, ba shi da abin da zai kai wa likita. Takardar likita ta wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ce, ko mai buƙatar iskar oksijin, ko wanda za a ɗauka a kwance, ko mai cuta mai yaɗuwa. Ɗan rakiya kuma ana iya neman sa in mutum ba zai iya taimakon kansa ba sam lokacin gaggawa ko ba zai fahimci umarnin tsaro ba. Ka sani dai ma'aikatan jirgi za su kai ka ƙofar bayi su buɗe maka abinci, amma ba sa ba da abinci a baki, ba sa ba da magani, ba sa shiga bayi da mutum. Kujerar bakin ƙofar gaggawa ma ba za a ba ka ba, wannan kam ƙa'ida ce ta gaskiya.

In tafiyar Amurka ce ko Turai fa?

Amurka tana da dokarta tun 1986, kuma ta fi kowace ƙarfi a cikin waɗanda na yi hulɗa da su. Tana hawa kan kamfanoninsu, da kamfanonin waje a duk jirgin da ya tashi daga Amurka ko zai sauka a can, wato jirgin Legas zuwa Atlanta yana ciki tun daga Legas. Kowane kamfani dole ya tanadi jami'in warware koken masu naƙasa da suke kira CRO, ka ce a kira maka shi ko a waya ne. In sun hana ka tafiya dole su ba ka dalili a rubuce cikin kwana 10, ba a barin wanda ba ya iya motsa kansa shi kaɗai a keke fiye da minti 30, kuma kayan taimakonka ba sa shiga lissafin kilo.

Tarayyar Turai kuma dokarta mai lamba 1107 ta 2006 ce, Ingila ma ta ci gaba da aiki da irinta bayan ficewarta. A can filin jirgi ne yake da alhakin taimakonka a ƙasa ba kamfani ba, kyauta ne, ana ɗaukar maka kayan motsi guda biyu ba tare da caji ba, amma suna son sanarwar awa 48 ɗin nan sosai.

Mahaifiyata za ta Hajji ta hukumar alhazai, wannan duk ya shafe ta?

Ya shafe ta. Jirgin alhazai ma kamfani ne da yake aiki a Najeriya, sashe na 14 bai cire shi ba. Bambancin shi ne ba kai kake sayen tikitin ba, don haka tun lokacin cike fom da gwajin lafiya za ka sa jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku ya rubuta cewa tana buƙatar keke da kuma wane iri, ka sake tunatarwa a sansanin alhazai na Mando kafin a kwashe su. Ka rubuta sunanta da lambar fasfo da fenti a jikin keken, don a Jidda da Madina kekuna ɗaruruwa ne iri ɗaya suke fitowa.

Ina zan kai ƙara, kuma tana amfani kuwa?

Ka fara da manajan kamfanin na filin a take, sannan ka rubuta wa kamfanin imel da ranar tafiya da lambar jirgi da lambar tikiti da hotuna da abin da kake nema a yi maka. In sun yi shiru ko sun yi maka wasa da hankali sai NCAA, tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a filayen jirgi da kuma shafin shigar da koke a intanet. In laifin na ginin ne, kaman bayi ko lifta ko rashin gangaren keke, FAAN za ka nufa. Akwai hukumar masu naƙasa ta ƙasa da aka kafa a 2020 tana Abuja tana karɓar koke, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam mai ofis a nan Kaduna, in kuma abin ya kai kotu ka nemi lauya ya duba maka wace kotu ce ta dace, don shari'o'in jiragen sama yawanci Babbar Kotun Tarayya suke zuwa.

Amfani kam tana yi in an dage. A watan Maris na 2024 wani shagon abinci na KFC da ke filin jirgin Murtala Muhammed a Legas ya hana wani fasinja mai keke zama, mutumin ya fito ya faɗa wa duniya, FAAN ta bincika ta rufe shagon. A Oktoban shekarar kuma gwamnatin Amurka ta ci kamfanin American Airlines tarar dala miliyan 50 kan yadda yake wulaƙanta masu keke da lalata musu kekuna, kuma koke-koken fasinjoji ne da aka tara suka jawo binciken. Mu a nan abin da yake kashe mana magana shi ne "a bar wa Allah" tun kafin a rubuta ko layi ɗaya, sai hukuma ta duba ta ga babu koke ko ɗaya daga Kaduna. In rubutun Turanci ne matsalar, ka faɗa da Hausa wani ya juya maka, ka sa hannu da kanka, ka ajiye kwafi da katin shiga jirginka a cikin leda ɗaya da fasfo.